Koren Fenti a Kan Motar Mai Burodi

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Allah ya ƙara wa ilimin boko albarka. Ban da ilimi, wa zai koya wa mutum ya ajiye aikin asibiti mai albashi, ya aika har Faransa a ɗauko masa akurkin kaji mai taya huɗu? Autata Nimatu ce ta yi wannan hikimar. Yau ta ja ni garejin Mahamudu, bakaniken nan ɗan Kumasi da ke bayan shagona a Fordham Road, wai in sa albarka.

Tsohuwar mota ce ƙirar Sitrowen, irin mai jikin kwanon rufi da hanci kamar na alade. Toka-toka, tsatsa har ƙofa. A gefe akwai sunan wani mai burodi da Faransanci, rabinsa ya goge. Wai kofi da masa za ta riƙa sayarwa a ciki. Na ce Allah ya sa alheri. Ban ce mata na san motar ba.

Talata, 7 ga Mayu

Ta zaunar da ni tana ba ni tarihi daga wayarta. Wai bayan yaƙin duniya na biyu aka fara ƙera ta, ƙarfe ya yi tsada, shi ya sa aka lanƙwasa jikin don siriri ya yi ƙarfi. Wai har farkon shekarun tamanin ana yin ta. 'Yan sanda sun hau, mahauta sun hau. Giya uku.

Ni take gaya wa giya uku.

Irinta marigayi babanta yake ja daga Maraɗi zuwa kasuwannin ƙauye lokacin da na fara tallar atamfa. Koriya shar, a ƙofar baya an rubuta SAI MUN DAWO. Injin yana tsakanin direba da fasinjan gaba, murfinsa da ɗumi, nan yake ɗora ƙosai kada ya huce. Ranar da ya ce da wani alhajin goro ya koma baya, gidan gaba na mai atamfa ne, duk tasha ta san inda maganar ta dosa. Ni kaɗai na yi kamar ban gane ba, don in ja farashi.

Nimatu ba ta taɓa ganin motar babanta ba, labarin launinta da rubutunta kawai ta ji. An sayar kafin a haife ta.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ruwa. Ciniki babu. Na bi ta garejin, hanya ce kawai.

Asabar, 18 ga Mayu

Injin ya tashi. Tari biyu, sannan wannan karkarwar da ke shiga haƙoran mutum. Sai ga ni ina share ido. Mahamudu ya ce, "Hajiya, hayaƙi ne?" Na ce hayaƙi ne.

Da rana wata Baturiya ta zo, mai raba rumfuna a wata kasuwar Asabar can Brooklyn. Tana shafa tsatsar kamar mai zaɓen leshi, tana ɗaukar hoton sunan mai burodin. Ta ba Nimatu wuri daga wata mai kamawa. Yarinya har da tsalle. Na tambaya yaushe za a yi fenti. Ta amsa da Turanci, yadda take yi in ba ta son musu: ba za a yi ba, haka ake so.

Haka ake so. A Maraɗi direban da ya fito da mota haka, ko akuya ba za a ba shi ya kai kasuwa ba.

Talata, 21 ga Mayu

Zuweira mai kayan miya ta tare ni a bakin lif ɗin gidanmu a Concourse Village. "Habsatou, ashe abin ya kai haka? Da kin yi magana ai da mun haɗa wa yarinyar na fenti." Tana faɗa tana gyara mayafi.

Na yi dariya na tambayi lafiyar ɗanta da ke zaune a ɗaki shekara da shekaru yana neman aiki a waya. Amma maganar ta bi ni har gado.

Alhamis, 23 ga Mayu

Nimatu ta tafi Philadelphia ɗauko injin kofi, sai jibi. Na rufe shago, na sayi koren fenti da buroshi.

Mahamudu ya tsaya a gaban motar. "Hajiya, wallahi ki bari ta dawo. Ni ba hannuna." Na ce ban nemi hannunka ba, matsa. Ya ce to aƙalla a wanke, a goge da samfefa. Na ce a garinmu wa ke da ruwan wanke mota kafin fenti? Kan ƙurarta ake shafawa, gobe a yi lodi.

Na shafa har bayana ya ƙage. A ƙofar baya na rubuta abin da ya kamata a rubuta. Harafin W ya karkace, na marigayin ma a karkace yake.

Ta yi kyau. Na daɗe tsaye.

Asabar, 25 ga Mayu

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da na san amsa, baki ai sana'ata ce. Ta zaga motar, ta karanta rubutun, ta ce da Hausa, Hausar da ba ta cika yi ba, "Mama, motar Baba kika gyara. Tawa fa?"

Litinin, 27 ga Mayu

Baturiyar ta ga hoto. Wai tsohuwar motar mai burodi ta ba wuri, ba wannan ba. Za ta riƙe rumfar zuwa tsakiyar watan gobe, bayan nan akwai masu jira.

Injin kofi yana falo cikin kwalinsa. Asibitin sun riga sun ɗauki wata a madadin Nimatu. Na yi tuwo da miyar kuka, ta ce ta ƙoshi.

Don mutuncinta na yi. Wannan dai na sani.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na kai wa Mahamudu dambun nama, ba don komai ba. Ya sa farce a gefen motar, koren ya ɗago kamar ɓawon albasa. Ya yi ta dariya. Wai da na ji maganarsa na goge da samfefa, da shi ke nan. Amma tunda kan ƙura da maiƙo na shafa, fentin bai kama ba, na ƙasan yana nan. Sai dai ba da inji ba, da hannu, a hankali, da wani abu marar kaifi.

Na ce, ka gani, aikin Maraɗi ba ya ɓata kaya. Ya ce, "Hajiya, ke ko a kotu sai kin ci riba."

Laraba, 5 ga Yuni

Cokalin roba ya fi. Shago a rufe tun Litinin, na ce wa masu tambaya ƙafa ke damuna. Haruffan mai burodin sun fara leƙowa. Ko wane ne shi, ya iya zaɓen mai rubutu.

Lahadi, 9 ga Yuni

Nimatu ta zo, ta ɗauki cokali, ta kama ɗaya gefen. Muka yi ta kankara har na iso ƙofar baya. Ta ce, "Bar wannan, Mama." Na ce Baturiyarki ba za ta so ba. Ta ce ƙofar a buɗe take zama in ana ciniki, ba mai gani. Na ce ba na son rabin aiki, na kankare.

Ta tambaye ni yadda muka haɗu da babanta. Na ba ta labarin alhajin goro, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. An tura hoto Brooklyn, ba amsa tukuna.

Wajen la'asar Zuweira ta leƙo, ta kai hannu za ta ɓantare wani ɓawon tsatsa a jikin ƙofa. Ban san lokacin da na buge hannun ba. Na ce kada ki taɓa, ba a samun irinta yanzu.

Ni da na tsufa ina rantse wa mata cewa kayana sabo ne fil, yau tsatsa nake gadi. Wace makarantar ce ta koya min wannan kuma?