Ko Ta Neme Ni?

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Rahamatu, Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ni ne Rabi'u ɗan wanki Ɗahiru, daga Matameye. Ki yi haƙuri da rubutuna, lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba. Na kira wayarki ba a ɗauka ba, shi ya sa na ba Isufu direba wannan takarda.

Mahaifiyarki, Kaka Habsatu, ta faɗi a bakin randa tana alwala. Lokotoro ya ce ɓarin jikinta na dama ya shanye, har da harshe. Tana gani, tana ji, magana ce babu. Baba yana Kano cin rani, ni da matata Nafisa muke jinyarta. Na ce mata, "Uwargida, don na yi miki amarya kika daina yi mini magana?" Ta harare ni da ido ɗaya, na san tana nan.

Jiya mushe, malamin lakwal, ya kawo 'yan ajinsa gaisuwa, suka karanta mata littafin da ta rubuta wa yara, na akuyar da ta ƙi shiga kasuwa. Hannun da ya rubuta shi yana kwance a gefenta, ba ya motsi.

Abin da ke damuna masu dubiya ne. Ta ɗaga yatsa, wannan ta ce fura take so, waccan ta ce shahada take yi. In suka fara, sai ta rufe ido.

Gwaggo, ki zo. Allah Ya bar zumunci.

Ɗanki, Rabi'u.

*

Rabi'u,

Takardarka ta iso, na gode. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya saka maka kai da iyalinka. Na ba Isufu zuma da zannuwa.

Ba a haife ka ba lokacin majigi, bari in gaya maka abin da ubanka ba zai faɗa ba. Ina ƙarama masu wayar da kai suka ɗauki fim a kan ruwan sha, fim marar murya. Inna ce ta fito uwa, ni ce ɗiyar da ta sha ruwan tabki ta mutu. Likkafanin gaske suka naɗe ni da shi. Aka riƙa nuna shi a farin ƙyalle daga Icirnawa har Ɗan Barto, wani mai suna Shekara yana riƙe da amsa-kuwwa yana yi wa mutanen fim magana. In bakin Inna ya motsa, sai ya ƙanƙance murya ya ce, "Ni barci ya fi mini ɗiyata." Mutane su yi ta dariya.

Har na yi aure sunana Gawar Majigi. Akwai matan da ba su yarda in ɗauki jariransu ba. Inna ba ta taɓa zaunar da ni ta ce mini uffan a kai ba. Da ta koyi rubutu a makarantar manya, 'ya'yan mutane ta yi ta ba labari.

Tambayata ɗaya ce. Ko ta neme ni? In ta nema, zan hau mota.

Ka gai da Nafisa.

Gwaggonka, Rahamatu.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Saƙo ya iso, zumar kaɗai take yarda ta lasa.

Na zauna kusa da ita na ce, "Gwaggo Rahamatu tana gaishe ki." Ta juya ta daɗe tana kallon ƙofa. Daga nan ta naɗe hannun hagu a ƙirji tana ɗan bubbugawa. Nafisa ta ce ai ke take rarrashi. Maƙwabciyarmu ta ce ƙirjin ne ke ciwo. Ni ban sani ba.

Na ɗauki biro zan rubuta miki cewa ta neme ki, sai na tuna Shekara. An yi mata magana a baki tana da ƙuruciya, ba na so a ce ni ma na yi mata tana kwance.

Akwai abin da na lura. Yaran suna zuwa suna karanta mata littattafanta ɗaya bayan ɗaya, ina jin su daga bakin kekena na ɗinki. Kura ta kori yaro, rijiya ta rufta, gobara ta tashi, amma babu littafin da yaro ya mutu a ciki. Wannan ma abin da na ji ne kawai, ban ce ga ma'anarsa ba.

Ki zo ki duba hannun da idonki, kin riga ni saninta.

Ɗanki, Rabi'u.

*

Gwaggo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Baba ya sanar da ke ta waya. Kaka ta cika da hantsi, an kai ta bayan azahar. Yaran lakwal sun bi mu har bakin maƙabarta.

Isufu ya ce da kika karanta takardata kin ninke ta, kin ce sai bayan salla. Ban ga laifinki ba. Sharaɗi ɗaya kika ba ni, kalma biyu ce, "ta nema". Na hana ki, ina ganin mutuncinta nake karewa. Ita kuwa ƙofar ta ci gaba da kallo, duk wanda ya ɗaga labule sai ta duba shi. Tun da muka dawo nake juya abin, ban samu inda zan aje shi ba.

Allah Ya jiƙanta, Ya ba ki haƙuri.

Ɗanki, Rabi'u.

*

Rabi'u,

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yi maka albarka.

Da ka rubuta ta neme ni, da na gane kai ne ka faɗa, ba ita ba. Amma da na zo.

Ina nan tafe sadakar bakwai. Kada kowa ya share ɗakinta.

Gwaggonka, Rahamatu.