Baffan Talatu a Bakin Ƙofa

Laraba da dare, Rogo

Ni ma na ɗauka, kamar ɗalibaina, in ƙungiyar manoma matasa ta gayyaci baƙo, magana ta ƙare. Sai da safen nan kwamitin kwalejinmu ya ce wanda ba Kirista ba ba zai yi jawabi ba, tunda zauren taronmu shi ne majami'a.

Ɗalibata Talatu ce ta roƙi baffanta, Malam Sale na Zoza, ya koya mana adana irin gyaɗa. Tun da mahaifinta ya zama Kirista, baffan bai sake taka inda suke ba. Yau ya zo, da babbar riga, da ƙullin iri a bayan babur.

Ni aka tura bakin ƙofa. Na yi ta jan gaisuwa har ya gane.

"Ba komai, Malama. Ki miƙa wa 'yata wannan."

Talatu ta ƙi cin abinci. "Malama, da wane ido zan kalle shi?"

Ƙullin yana nan kan teburina. Ran Asabar zan ɗauke ta mu je Zoza. Na ce wa kaina: ke ma ki gwada tsayuwar bakin ƙofa, Rifkatu. Ki yi sallama a ƙofarsa, ki tsaya ki ga ko za a ce ki shigo.