Irin Kuɓewar Gwaggo Shatu da ke Kulle a Mangaza

Zuwa ga:
Mai girma Daraktan Noma na Gundumar Tasawa,
Jihar Maradi.

Daga:
Isufu Lamine, sakataren manoman lambu,
Ƙauyen Dan Mamudu, Hawandawaki.

Ranar 22 ga Afrilu, 2024.

Game da: irin kuɓewar gida da furojen Rumbun Gobe, shirin tallafa wa manoma, ya karɓa bai maido ba.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka.

1. Ranar 9 ga Maris, 2023, Malam Sharifu, ma'aikacin furojen da na ambata, ya zo ƙauyenmu ya ce suna tattara irin kayan miya na gargajiya. Ya yi alkawarin za su shuka shi a lambunsu da rani, su maido wa kowa ninki biyu cikin watan Janairu. Sharaɗinsu shi ne kowane iri ya cika gwangwanin madara, in bai cika ba, ba a karɓa.

2. Cikin abin da ya tafi da shi akwai kuɓewar da muke kira gajerar Nasiba, da sunan kakar Gwaggo Shatu, ƙanwar mahaifina. Tana da jan kara, tana yin 'ya'ya tun ba ta kai gwiwa ba, kuma tana jure rairayinmu. Ta sauran mata ta gauraye da doguwar kasuwa tuntuni. Gwaggo kaɗai ke da ita tsantsa, domin a bayan ɗaki take shuka ta, nesa da ta kowa.

3. A nan dole in faɗi abin da ya fi mini nauyi. Matanmu suna raba iri gida biyu: na shuka, da uwar iri wadda ake ɓoyewa cikin toka a gora, ba a taɓa ta sai shukar fari ta mutu. Gwaggo ta ba ni abin da za ta iya daga na shuka, gwangwani bai cika ba. Na ji kunyar a ce ƙauyen da nake sakatare ya kasa. Ran nan da hantsi ta tafi suna, na shiga ɗakinta, na tankaɗe tokar, na kwashe uwar irin duka, na mai da gorar inda take rataye. Na ce wa kaina ai ninki biyu za ta samu.

4. Ranar 17 ga Yuni ta yi shuka. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, tsiron ya ƙone. Ta sauke gora ta tarar da toka zalla. Ba ta zargi kowa ba. Ta ɗauka ita ce ta shuka shi ta manta, ta riƙa gaya wa mata tsufa ya fara cin hankalinta. Har ta daina yi wa jikokinta awon magani, wai kada ta yi kuskure. Wata tara ina ji, ina gaishe ta safe da yamma, ban buɗe baki ba.

5. Furojen ya rufe a watan Nuwamba ba tare da sanar da mu ba. Sau uku na je ofishinsu da ke Tasawa: 15 ga Janairu, 20 ga Fabrairu da 2 ga Afrilu. Mai gadi ya tabbatar mini ba a shuka komai ba, irin yana cikin mangaza, wato ɗakin ajiyarsu mai rufin kwano, makulli kuma yana hannun Malam Sharifu da aka ce ya koma Mayahi. Na buga masa waya har na gaji. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin abin da zafin Afrilu ke yi wa iri a ƙarƙashin kwano.

Don haka nake roƙo a nemo makullin, ko a ba da izinin fasa kwaɗon a gaban shaidu, kafin ruwan farko. Ƙunshin namu yana cikin baƙar leda, da sunan ƙauyenmu da rubutun hannuna. In akwai hukuncin da ya hau kaina, na karɓa, ban kawo wannan takarda don wanke kaina ba.

Jiya na karanta wa Gwaggo ita daga farko har ƙarshe. Da na gama sai ta yi hamdala cewa ashe hankalinta yana nan. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Abin da ta ce in ƙara kawai shi ne, in an buɗe mangazar, a miƙa ƙunshin a hannunta, kada a ba ni.

Ina roƙon a yi yadda ta ce. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Isufu Lamine