Kulu Ba Rashin Ji Ta Yi Ba, Ji Ne Ba Ta Yi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Shirya Jarrabawar Shiga Sakandare na shiyyarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah Ya ƙara dafa maka.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi, ina aure a Fakku ta ƙaramar hukumar Kebbe. Na yi karatun malanta amma ban samu aikin gwamnati ba, shi ya sa bayan la'asar nake tara 'yan aji biyar da shida a zauren gidanmu ina yi musu lesin. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda abin da ya same ni ya shafi iyaye da yawa waɗanda ba su san ƙofar ofishinka ba.

Cikin ɗalibaina akwai Kulu, ɗiyar Malam Buba, wani makiyayi da rugarsu ke yamma da garinmu. Tana aji uku sanƙarau ya kama ta. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta. Kunnen hagu ya toshe, na dama kuma sai an matso dab da ita. Bakin mutum take kallo ta gane abin da yake faɗa. Da aka fara kawo ta na sha wuya, har na gane cewa gyaran daga wurina zai fara. Na daina magana ina fuskantar allo. Na koma zama inda hasken ƙofa ke bugun fuskata, ita kuma a gabana. Duk abin da zan sa su yi sai na rubuta shi. Na nemo tsofaffin takardun jarrabawa muna bi, na koya musu su karanta tambaya su sake karantawa kafin su taɓa fensir, su fara da wadda suka sani, su bar mai wuya sai daga baya. Abin mamaki, har masu lafiyar kunne suka fi ganewa da wannan hanya. Kulu kuwa a lissafi babu mai kama ƙafarta.

Bara da kaka ta wuce, Malam Buba zai yi kudu da shanu. Ni na roƙe shi ya bar mini ita ta zauna jarrabawa. Ya daɗe yana jinjinawa, sannan ya ce, "Malama, amana ta nika bar maki. In ta ci, ta ci gaba. In ba ta ci ba, ta komo ruga wurin uwatta." Da wannan nauyi a wuyana muka hau babur da sassafe ranar jarrabawar zuwa Tambuwal, inda aka ba mu cibiyar jarrabawa. Ga abin da ya faru.

Na ɗaya: tun a bakin ƙofa na samu jami'in da ke shigar da yara, na gaya masa yarinyar nan ba ta ji, na roƙi a zaunar da ita a gaba. Ya ce zama bisa lamba yake, ba shi da ikon canzawa. Lambarta ta kai ta layin ƙarshe, jikin bango.

Na biyu: ana cikin takardar lissafi aka gano kuskuren bugu a wata tambaya. Mai sa ido ya faɗi gyaran da baki yana tafiya tsakanin layuka. Ba a rubuta a allo ba. Kowa ya gyara, Kulu ta yi ta fama da tambayar da ba ta da amsa.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo: da lokaci ya cika aka ce a ajiye fensir. Kan Kulu na sunkuye, ta ci gaba da rubutu. Mai sa idon ya daka mata tsawa daga gaban aji, ya sake dakawa, ba ta ɗago ba. Ya ɗauka raini ne. Ya zo ya fizge takardar har gefenta ya yage, ya ja mata jan biro, ya rubuta cewa ta ƙi bin doka. Yara suka yi ta dariya. Ita dai ta ga bakuna a buɗe, ba ta san dalili ba. Da muka koma gida sai ta tsaya a gabana, ta dubi bakina ta ce, "Malama, mi niy yi?"

Na huɗu: sakamako ya fito, na abokan karatunta duk ya zo, nata an riƙe. Na je ofis na kai kuka. An karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye wannan ba, an ce za a duba. Har yau shiru, ga shi ana shirin komawa makaranta.

Ranka ya daɗe, ban rubuto don a hukunta mai sa idon nan ba. Ba wanda ya sanar da shi, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa ma daga cikin ma'aikatanka ya fito. Wata malama 'yar Sanyinna da ke sa ido a aji na kusa ta ji hayaniyar, ta leƙo, ta ga yadda yarinyar ke bin bakin mutane da ido, nan take ta gane. Ita ta nemo ni a gindin darbejiyar da iyaye ke jira, ta ba ni labarin duka, ta kuma ce a shirye take ta ba da shaida duk inda aka kira ta. Inda ake da irinta, gyara ba zai gagara ba.

Da damina ta sauka Malam Buba ya dawo. Na zayyana masa komai, duk da na san da wane sharaɗi ya bar ta. Sai ya yafito ɗiyarsa da hannu, ya durƙusa daidai tsawonta, ya tambaye ta a hankali ko tana son karatun har yanzu. Ta ce tana so. Ya miƙe ya ce mini, "Ai ba faɗuwa tay yi ba. A gaya ma manyan su duba. Ta zauna nan." Umarninsa nake cikawa da wannan wasiƙa.

Don haka ina roƙon waɗannan abubuwa. A ji shaidar malamar nan, a saki sakamakon Kulu, ko a ba ta dama ta sake takardar lissafi kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. A riƙa tambayar hedimastoci tun lokacin rajista ko suna da yaron da ke da larurar ji, ko gani, ko hannu, a sanar da cibiya tun kafin ranar. A ba masu sa ido izinin matso da irin waɗannan yara gaba. Duk gyaran da za a yi, da sanarwar cikar lokaci, a rubuta su a allo, sannan a zo gaban wanda ba ya ji a yi masa alama da hannu. Mai raunin gani a buga masa takarda da manyan haruffa, mai raunin hannu a ƙara masa ɗan lokaci. Yawancin waɗannan umarninka kawai suke jira.

Ina kuma kira ga iyaye 'yan'uwana da masu lesin irina: kada mu ɓoye larurar yaro don kunya. Mu faɗa da wuri, mu je da kanmu, mu sake faɗa. Tun da labarin Kulu ya bazu, an kawo mini wata yarinya zabiya da ba ta hango allo, da wani yaro da shan-inna ta taɓa hannunsa na dama, waɗanda da a gida ake ajiye su. Iyayensu sun ce za su gwada. Badi in Allah Ya kai mu, ni zan kawo su cibiyarka, kuma na riga na gaya musu cewa za su tarar an san da zuwansu. Ina roƙonka kada ka bari in zama maƙaryaciya a gaban yaran nan.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, Ya shirya maka zuriya, Ya tsare musu jinsu da ganinsu.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Rabi, Fakku.