Malfar da Mai Gari Ya Yarje Miki

Zuwa ga Unaisi, sanyin idona, inuwar kwakwa a tsakar rana, ruwan korama bayan wuni a cikin gishirin teku,

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun nan ya fi sabawa da taru. Amma yau albishir nake tafe da shi, bakina ya ƙi rufuwa, har kaka ta ce ƙuda zai shiga.

Kin tuna ranar da na kai ki kamun kifi bayan duwatsu, kika kama bakwai, ni biyu, kina ta yi mini dariya? Washegari jan nan mai kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a kumatunki, yatsunki suka kumbura, kofi ma ya gagare ki ɗauka. Wa ya taɓa zaton rana, da muka tashi a cikinta, za ta zame miki abokiyar gaba? Likitar birnin Suva ta ce lufus ne, garkuwar jikinki ce ke faɗa da jikin, ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi da magani, a guji rana. Na haddace kamar karatun coci.

Kika rubuto cewa ba za ki dawo tsibirinmu Kadavu ba, in nemi wata. Wai ba za ki ƙare rayuwa a ɗaki ba, kuma ba za ki sa malfa a cikin gari, inda al’ada ta hana, a ce kin raina mai gari ba. Wata wa, Unaisi? Tsuntsun teku yana sake tsibiri don an yi hadari?

Na tono saiwar yangona mafi tsufa a gonar babana, wadda ake jiƙawa a sha in an je roƙo wurin manya, na kai gaban mai gari, na tanƙwashe ƙafa, na tafa. Zuwan farko bai ko dube ni ba. Na biyu ya sha, ya yi mini hirar aladunsa. Ni kuwa na lura, duk sanda ya miƙa hannu sai ya yatsine fuska. Shi ma gaɓoɓinsa na ci masa. A zuwa na uku ban yi maganar malfa ba, na faɗa masa yadda safiya take a yatsunki. Sai ya ce, “Ta sa. Amma kai ɗaya, malfa ɗaya. Ranar da na gan ta a wannan ƙoƙon kan naka, wata guda za ka yi kana share filin gari.”

Ni na saƙa malfar da hannuna. Kaka ta koya mini, tana cewa, “Wannan malfa ce ko kwandon rogo?” Taubashina Waisake kuwa tun daga nesa yake kirana ’yar’uwa, wai saƙa aikin mata ne. Gefe ɗaya na malfar ya karkace, ban ɓoye miki ba, amma faɗinta ya isa ya rufe har kafaɗunki.

Ban yi miki alkawarin lafiya ba, ba a hannuna take ba. Ranar da ciwon ya tashi, ni zan buɗe kwalbar magani, ni zan kankare kwakwa. Ranar da ya kwanta, mu taka tsakiyar gari a hankali, ki gaisa da kowa.

Ki hau jirgin ruwan Juma’a, Unaisi. Ki zauna ɓangaren rumfa, ki sa riga mai dogon hannu. In kin ƙi wannan, akwai Juma’a ta gaba, kuma zan zo tarbarki.

Naki, a ranar sauƙi da ranar zafi,
Jolame