Sikirin Uku, Hoto Ɗaya

Yaya Injiniya,

Na fita, ba zan iya jiran dawowarka ba. Sannu da aiki, ka ji.

Cewa na yi sikirin uku nake so a jikin kwamfutata, kowanne da abin da yake nunawa: ɗaya zanen gini, ɗaya saƙonnina, ɗaya in juya wa wanda ya ba ni aikin ya gani. Ka bugi ƙirji ka ce ai wannan wasan yara ne. Sai ka samo wani kebul mai reshe uku ka cusa a rami ɗaya. Ashe duk abu ɗaya suke nunawa, kamar madubin shagon aski.

Ɗazu mai otal ɗin da nake yi wa aiki ya zo duba zanensa. Na zaunar da shi gaban nasa sikirin, ni kuma ina bayan nawa ina rubuta wa ƙawata cewa mutumin ya cika surutu, bai ma san bambancin ƙofa da taga ba. Sai ji na yi ya yi gyaran murya ya ce, “Malama, taga dai na santa.” Ya miƙe ya fice.

Na bi shi in ba shi haƙuri. Kebul ɗinka yana kan filonka. Kowane sikirin da nasa kebul da nasa rami ake yi, amma kar ka taɓa, na kira mai gyara. Kai ka tsaya a canja batirin rimot, nan iliminka ya ƙare.

Ƙanwarka