Rigar Obadiya

Barikin Shadawanka, Litinin

Baffa Hammawa,

So nake ka zo ka roƙi Samanja ya cire sunan mijina Sabitu. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da mutanen Tirwun, ka yafe mini na sa buƙata gaban gaisuwa, hankalina ba ya jikina. Maman Tunji maƙwabciyata ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara.

Ranar Asabar za a harbe 'yan fashi uku a bainar jama'a, gwamna ya sa hannu. An ware sojojin da za su yi harbin, har da mijina. Baffa, cikin ukun nan akwai Obadiya mai tasi. Obadiyan da na haifi Habibatu a bayan motarsa a hanyar asibiti, shi ya tuɓe rigarsa aka naɗe ta. Ran suna kai da bakinka ka ce a kai masa rabon ungozoma, aka yi ta dariya, Sabitu ya ɗauki naman har Yelwa. Rigar tana cikin akwatina, kullum sai in ce gobe zan mayar.

Wai a motarsa aka ɗauki ɓarayin da suka kashe mai kanti. Shi ya ce bindiga suka sa masa a ƙeya. Ni ban yi boko ba, ban san shari'a ba. Amma in an kashe mutum, daga baya gaskiyarsa ta fito, wa za a ba haƙuri? Kabari?

Samanja yaronka ne tun lokacin yaƙi, ba zai ƙi maganarka ba. Don Allah, Baffa. Hannun da zai harbi Obadiya shi zai dawo ya ɗauki yarinyar nan.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, A'i

Tirwun, Talata

Zuwa ga 'yata A'i,

Bayan sallama da fatan alheri gare ki da maigidanki da amaryata Habibatu. Takardarki ta iso.

Ba zan je ba. Na yi soja tun ba a haife ki ba, ban taɓa ganin kofur ya zaɓi aikin da zai yi ba. Sabitu ba shi ke kisan ba, hukuma ce, shi hannu ne kawai.

Kin manta yadda aka kawo mana yayanki Ɗanlarai daga hanyar Ningi? A kan kuɗin shanu biyu suka yanka shi. Su ma a mota suka zo, kuma motar da direbanta. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ni na wanke gawar yaron nan, babu wanda ya rubuta takarda a tausaya masa. Rai a bakin rai ba mugunta ba ce, shi ke sa mai wuƙa ya yi tunani kafin ya zare ta. Alherin da Obadiya ya yi miki yana wurin Allah. Matar mai kantin nan ma tana da goyo.

Ki yi haƙuri, ki riƙe bakinki a bariki. Innarki na gaishe ki.

Wassalam.
Baffanki, Hammawa

Barikin Shadawanka, Laraba

Baffa,

Ina gaisuwa, ina neman gafara, zan mayar maka da magana.

Ban manta Yaya Ɗanlarai ba, wallahi. Amma an harbe wasu bara, ga shi bana an kashe mai kanti. Waye ya ji tsoron? Matan bariki da suka je kallo sun ce har rake da gyaɗa aka sayar, ana ɗora yara a wuya su gani. Sun ce akwai wanda ya daɗe bai mutu ba, yana kiran uwarsa, mutane na tafi.

Yau da safe na ga an loda ganguna a mota, an cika su da yashi, da turaku uku. Ɗazu sun yi gwaji a bayan bariki, Habibatu ta firgita ta saki nono. Sabitu ya dawo, na sa masa tuwo, ya zauna yana kallon hannunsa har miya ta huce. Yarinya ta rarrafo ta kama ƙafarsa, ya ce in ɗauke ta. Bai taɓa cewa haka ba.

Ka ce shi hannu ne kawai. To hukuma ba ta kwana a ɗakina, Baffa, hannun ne ke kwana.

Ka zo, ko don Habibatu.
A'i

Tirwun, Alhamis

A'i,

Bayan gaisuwa. Innarki ta hana ni sakat, na hau keke na je na ga Samanja. Ban shigo wurinki ba, ban san da wace fuska zan dube ki ba.

Babu sunan Sabitu cikin waɗanda aka ware da fari. Shi ya je ya roƙa a sa shi, kuma ya roƙa a tsayar da shi daidai turken Obadiya. Samanja ya ce ko yanzu in yana so a cire shi, za a cire.

Maganata kan hukunci tana nan yadda na faɗa. Wannan kuwa ban gane ta ba. Ki tambayi mijinki.

Allah ya kyauta.
Hammawa

Barikin Shadawanka, Juma'a

Baffa,

Na gode, Allah ya saka. Na tambaye shi.

Ashe an tura shi gadi gidan yari, Obadiya ya gan shi. Ya ce, “Baban Habiba, na ji labarin na bara. An ce hannunka ba ya kuskure. Ka zo da kanka, kar ka bari in daɗe.” Sabitu ya ce masa to. Na ce, ka yarda ya yi laifin? Ya ce bai sani ba, ba a tambaye shi ba.

Na wanke rigar na goge, na goya Habibatu muka je Yelwa wurin matarsa Dorcas. Ta shinshina rigar, ta ce ita Obadiya zai sa gobe. Ta karɓi yarinyar ta daɗe tana kallonta, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

Kar ka koma wurin Samanja. Ka dai zo gobe ka zauna da ni, ko ba ka ce komai ba. In Sabitu ya dawo ya miƙo hannu zai ɗauki Habibatu, ban san ko zan ba shi ba.

Ka gaida Inna, ku sa mu a addu'a. Ban da Maman Tunji da ke rubutun nan, mutum biyu na gaya wa. Na gaya wa Dorcas wanda zai tsaya gaban mijinta. Sai Habibatu, na raɗa mata a kunnen da aka yi mata huɗuba, kar wata rana ta fara ji a bakin yaran bariki.

'Yarka, A'i